Tankin Gwauron Dutse da Rijiyoyin Bayan Badala

Duk wanda ya saurari sunayen unguwannin Kano da kunnen basira zai tarar ruwa ya yi kaka-gida a cikinsu. A cikin birni akwai Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu da Jakara da Ƙofar Ruwa. A hanyar Katsina akwai Rijiyar Lemo, a hanyar Gwarzo kuma ga tamu Rijiyar Zaki, cikin ƙasar Ungogo. Dalili kuwa a fili yake. Bahaushe ba ya kafa bukka sai ya tabbata akwai inda zai jefa guga, saboda haka sau da yawa rijiya ce take riga gari zuwa, in garin ya zo sai ya ari sunanta. Amma cikin sunayen nan akwai guda ɗaya da ya fita daban, watau Ƙofar Famfo. Wannan suna rabinsa namu ne, rabinsa na aro, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Nufina in ɗan bi tarihin bututun da ya ba ƙofar suna, da tankin ruwan da ke bisa Gwauron Dutse inda bututun ya nufa, sa'an nan in duba yadda abin ya shafi mu mutanen bayan badala, waɗanda muke hangen dutsen daga gonakinmu tun kafin a san za a ɗora masa wani abu a ka.

Kafin mu hau dutse, ya kamata mu san irin ƙasar da yake tsaye a kai. Damina a Kano gajeriya ce. Daga wajen watan Mayu zuwa Satumba ake samun ruwan shekara, sauran watannin kuwa sai abin da ƙasa ta adana. Ƙasar kuma ba mai yawan adanawa ba ce, domin ƙarƙashin birnin da kewayensa fā ne, tsohon dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a inda ya rube ko ya tsage. Shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu sun haƙa rijiya, ta wannan ta yi albarka, ta wancan kuwa da an shiga bazara sai laka. Ba haka abin yake a ƙasashen Gumel da Haɗeja ba, inda rairayin kwarin Tafkin Cadi ya yi kauri, ko da yake su kuma can sai an yi gaba da gaba kafin a tarar da ruwan.

Mutanen birni na dā da hanya uku suka dogara. Akwai rijiyoyin gida da na unguwa, akwai Jakara, akwai kuma kududdufai. Kududdufi ɗan gini ne: duk katangar da ta tashi a Kano, har da badala kanta wadda littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, rami ta bari a bayanta inda aka ɗebi ƙasar kwaɓa. In damina ta sauka ramin ya cika, a yi wanki, a shayar da dabba, yara su koyi iyo, magina su sake samun ruwan kwaɓa. In rani ya yi nisa ruwan ya koma kore, sauro ya yi gida. Turawan da suka fara zuwa Kano duk sun yi magana a kan wannan. Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya bayyana fadamar da ta raba birnin biyu, Barth kuma da ya zo a 1851 ya yaba arzikin garin da masaƙansa da marinansa, amma ya koka da ruwan Jakara da ke kwance kusa da Kasuwar Kurmi. Barth ya ƙiyasta mazauna birnin wajen 30,000. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin za mu bukace shi nan gaba.

Mu a karkara abin ya ɗan bambanta. Ƙauyukan da suka kewaye Kano, daga Ungogo zuwa Kumbotso har Gezawa da Minjibir, suna cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore ya yi nazarin yankin a shekarun 1960, Polly Hill kuma ta yi nata a Ɗorayi, littafinta ya fito a 1977. Abin da suka gani shi ne abin da kakanninmu suka sani: gona ba ta hutawa, kowace shekara sai an noma ta, jakai suna kai itace da hatsi birni suna komowa da taki a mangala, gidaje kuma a warwatse cikin gonaki, ba a dunƙule cikin ganuwa ba. Irin wannan zama ba ya yiwuwa sai da rijiyoyi da yawa. Babban gida yakan yi tasa, unguwa ta yi tata, mai hali kuma ya haƙa a bakin hanya don fatake da masu zuwa cin kasuwa, yana neman lada. Ba a sayar da ruwan irin wannan rijiya. Kowane Musulmi ya san labarin rijiyar Ruma a Madina, wadda Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya saya ya bar wa jama'a, da kuma magudanar da Zubaida matar Haruna Rashid ta gina don mahajjata a Makka. A wannan tafarki masu haƙa rijiyar sadaka suke tafiya. In rijiya ta cushe, mai unguwa ya tara matasa a yashe ta, in bakinta ya zube a yi gayya a gyara. Kowa da gugansa da igiyarsa, wanda ba shi da shi ya ara, har Hausawa suka sami abin yi wa marowacin ɗan aike habaici, suka ce rijiya ta ba da ruwa guga ya hana.

(Wani abu a gefe, tun da mujallar ta masu nazarin harshe ce. Duk wanda ya buga sunan unguwarmu da na'urar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa ya haɗa zaki na dawa da zaƙi na ruwa wuri ɗaya, alhali kuwa kowannensu zai dace da rijiya. Ƙugiya ɗaya a bisa harafi tana iya sauya tarihin gari.)

To, a watan Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka fasa Ƙofar Kabuga suka shiga Kano. Wannan ƙofa ita ce tamu, ta nan mutanen hanyar Gwarzo suke shiga birni, kuma ba ta da nisa da gindin Gwauron Dutse. Turawa ba su zauna cikin birni ba, can gabas suka yi nasu mazauni a Nasarawa da Bompai, nesa da kududdufai da sauro. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a shekara mai bi aka buɗe ta ga 'yan kasuwa, gyaɗa ta zama kuɗi. Sabon Gari ya tashi, Fagge ta cika, kantunan Turawa da na Kwara suka jeru kusa da tasha. Jama'a ta ƙaru, jirgi kansa mashayin ruwa ne, rijiyoyi kuwa suna nan yadda suke. Farin 1913 da yunwar da ta biyo bayansa a 1914 sun nuna wa kowa iyakar abin da ƙasar za ta iya ɗauka.

Wani abu kuma ya faru a wannan tsakani wanda ba a cika haɗa shi da zancen ruwa ba, alhali shi ne tushensa, watau kafa Baitulmali. A zamanin Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, aka tsara cewa haraji da jangali su riƙa shiga taska ɗaya, Gwamnati ta ɗauki rabonta, En'e ta riƙe nata ta biya albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, abin da ya ragu a ajiye. Da yake ƙasar Kano ta fi kowace ƙasar sarki a Arewa yawan masu biyan haraji, Baitulmalinta ya fi na kowa ƙiba, rarar kuɗi ta yi ta taruwa shekara da shekaru. Sarki Usman ya gaji Abbas a 1919, ya rasu a 1926, aka naɗa Abdullahi Bayero.

Sarki Alhaji, kamar yadda Kanawa suke kiransa, bai daɗe da hawa ba aka kawo shawarar a ɗauki rarar nan a jawo wa birni ruwan famfo da wutar lantarki. Ma'aikatar Ayyuka ta Gwamnati a Ikko ba ta so ba, tana ganin aikin ya fi ƙarfin En'e kuma kuɗinsa ya yi yawa. Sarki da majalisarsa da Razdan na Kano suka tsaya a kan bakansu, aka kama aiki a ƙarshen shekarun 1920, aka buɗe shi a farkon shekarun 1930. A ganina wannan gardama ta fi bikin buɗewar muhimmanci. A Ikko, Gwamnati ce ta gina gidan ruwa na Iju, wanda Lugga ya buɗe a 1915, ta kuma ɗora wa mutanen gari kuɗin ruwa, abin da ya jawo zanga-zanga tun 1908 da aka fara zancensa, har ya kai ga tarzoma a 1916. A Kano kuwa ba Gwamnatin Ikko ta ba da kuɗin ba, ba kuma daga Ingila aka aiko da shi ba. Kuɗin talakawan Sarkin Kano ne, wanda dagatai da masu unguwanni suka bi gida gida suka karɓa.

Yanzu bari mu ga yadda aikin yake, domin akwai hikima a cikinsa. Jakara ba ta isa a sha ba, saboda haka aka juya kudu maso yamma, zuwa kogin Challawa a wajen Panshekara. Challawa kogi ne irin namu na Arewa: da damina ya cika ya tumbatsa, da rani ka ratsa shi da ƙafa kana taka rairayi. Amma duk ɗan ƙauyen da ya taɓa tona rairayin kogi da ƙoƙo ya san ruwa yana nan kwance a ƙasa, kuma rairayin ya riga ya tace shi. Wannan tsohuwar dabara injiniyoyi suka faɗaɗa, suka nutsa manyan rijiyoyi a cikin kogin, injin ya riƙa zuƙo ruwan zuwa gidan ruwa a bakin gaɓa. A nan kusa kuma aka kafa gidan wuta, domin injin da zai tura ruwa yana bukatar ƙarfi, ƙarfin da ya ragu kuma a haska gari da shi. Shi ya sa ruwa da wuta suka shigo Kano tare kamar tagwaye.

Daga Panshekara aka shimfiɗa babban bututun ƙarfe, ya ratsa gonakin kudu maso yammacin birni, ya iso badala tsakanin Dukawuya da Kabuga. Badalar da aka gina don kada wani abu ya shiga sai ta ƙofa, ita aka tsaga wa bututu hanya, wurin ya zama Ƙofar Famfo. Duk ɗalibin da ya yi karatu a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ya bi ta gabanta ba sau ɗaya ba, kuma jami'ar sunan sarkin da ya sa aka tsaga ta take ɗauke da shi.

Me ya sa sai an hau da ruwan bisa dutse? Amsar ita ce injin yana gajiya, yana lalacewa, kuma bukatar mutane ba daidai take da kowane lokaci ba. Da asuba kowa yana son ruwan alwala da na girki, da tsakar dare kuwa ba mai buɗe famfo. In aka tara ruwan a wuri mai tsawo, injin zai yi ta aikinsa a hankali dare da rana yana cika tanki, nauyin ruwan da kansa ya riƙa tura shi cikin bututai zuwa duk inda ya fi tankin ƙasa. Gwargwadon tsawon wurin, gwargwadon ƙarfin da ruwa zai fito da shi a bakin famfo. A garuruwan da ba su da tudu sai an gina hasumiya an ɗora tanki a kanta. Kano kuwa Allah ya riga ya kafa mata hasumiya biyu cikin badala, Dala da Gwauron Dutse. Dala tana da tarihinta na Barbushe da Tsumburbura, gidaje kuma sun riga sun kewaye ta. Gwauron Dutse yana yamma, ɓangaren da bututu ya fito, a lokacin kuwa fili ne da gonaki a gindinsa, kansa kuma shimfiɗaɗɗe. Sunansa ma ya nuna halinsa: gwauro ne, yana tsaye shi kaɗai ba abokin zama. Turawa suka rubuta shi yadda kunnensu ya ji, har yau kuma takardun hukuma da yawa Goron Dutse suke rubutawa, kamar dai goro ake nufi. Wannan dutsen aka ba aikin riƙe wa birni ruwa, gwauro ya wayi gari da iyali fiye da na kowa.

Ba da hannu biyu aka karɓi ruwan nan da farko ba. Tsofaffinmu da suka yi zirga-zirgar birni suna ba da labarin yadda wasu suka ƙi sha, wasu suka ƙi alwala da shi, ana raɗe-raɗin cewa ruwan Nasara ne, mai shansa imaninsa na iya raunana. Muna iya yin murmushi yau, amma ni ban ga wauta a ciki ba. Mutumin da ya tashi yana leƙa rijiya yana ganin abin da zai sha, yau an ce ya buɗe ƙarfe ruwa ya fito daga inda bai sani ba, ta hannun mutanen da shekara 30 kacal da suka wuce suka ci garinsa da yaƙi. Bugu da ƙari, a fiƙihun Malikiyya da almajiran Kano suke karantawa, ruwan tsarki shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba, ruwan famfo kuwa wani lokaci yakan zo da warin magani ko na ƙarfe. Tambayar da suka yi tambaya ce ta malamai. Abin da ya kashe gardamar shi ne ganin fada da manyan gari suna amfani da shi, da kuma bazara, wadda ba ta barin mai ƙishirwa ya daɗe yana musu.

Mafi yawan gidajen birni ba a shigar musu da bututu ba. Famfunan unguwa aka kakkafa, daga nan kuma sana'ar ga-ruwa ta bunƙasa. Kalmar kanta kiran talla ce ta zama suna, kayan aikin kuma garwar kananzir ce mai cin galan 4, biyu a rataye a sanda bisa kafaɗa. Matan kulle ba sa fita famfo, saboda haka ɗan ga-ruwa shi ne ƙarshen bututun, shi yake kai ruwan Challawa cikin randa. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga ƙauyuka da ƙasar Nijar. Harshenmu ma ya sha daga wannan famfo: famfo da tanki da injin da mita duk aro ne, bututu kuwa tsohuwar kalma ce aka ba sabon aiki. Ba ƙaramin amfani aka samu ba wajen lafiya. Tun 1854 likita John Snow ya nuna a Landan cewa rijiya ɗaya da ƙazanta ta shiga tana iya kashe unguwa da amai da gudawa, birnin da masai da rijiya suke gida ɗaya kuwa kullum yana bakin wannan haɗari. Ruwan da aka ɗebo daga nesa aka tace ya rage shi ƙwarai.

A nan ne nake so mai karatu ya juyo da fuskarsa yamma, ya tsaya bisa tankin ya dubi bayan badala. Ga Kabuga, ga hanyar Gwarzo ta miƙe, ga Rijiyar Zaki, ga sauran ƙauyukan Ungogo da Kumbotso. Mutanen nan suna cikin waɗanda suka cika Baitulmali, domin yawan masu biyan harajin ƙasar Kano a karkara suke, ba a birni ba. Lokacin da ake ƙarasa aikin ma kasuwar duniya ta faɗi, daga 1929 farashin gyaɗa ya zube, manomi yana sayar da buhu da yawa kafin ya haɗa kuɗin harajin da dā kaɗan ke biya. Amma bututun da ya sauko daga dutsen gabas ya nufa, cikin birni da Waje. Ƙauyen da ke iya hangen tankin ya ci gaba da jan guga, mata da yara suna sammako da tulu da gammo, in rijiya ta ja baya a koma tafki, tafki kuwa shi ne gidan kurkunu, ciwon da yake kwantar da manomi daidai lokacin da gona take nemansa. Nijeriya ba ta sami shaidar rabuwa da kurkunu daga Hukumar Lafiya ta Duniya ba sai a 2013. Ba ina cewa an yi kuskure da aka fara da birni ba, domin a nan cunkoso yake, a nan annoba take fara kamawa, kuma ba Baitulmalin da zai iya kai bututu kowane gida a cikin gonaki. Abin da nake cewa shi ne, in ana lissafin waɗanda suka kawo ruwa Kano, a sa sarki, a sa injiniya, a kuma sa manomin da ya biya bai sha ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ruwan cikin kuwa nasa ne.

Sauran tarihin tsere ne tsakanin bututu da jama'a, kuma jama'a ce kullum a gaba. Lokacin da aka buɗe aikin mutanen Kano da Waje ba su kai 100,000 ba. Ƙidayar 1952 ta ba da wajen 130,000, ta 1963 kusan 300,000. Wuta ta rabu da ruwa tun farkon shekarun 1950, sa'ad da Gwamnati ta kafa hukumar lantarki ta ƙasa baki ɗaya. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Baƙo ya zama gwamna har zuwa 1975, ikon En'e ya yi ta raguwa, ruwa ya koma hannun Gwamnatin Jiha. Audu Baƙo mutum ne mai son madatsun ruwa, farin 1972 zuwa 1974 kuma ya ƙara masa hujja. Aka yi Bagauda, aka yi Tiga a kan kogin Kano wanda aka gama a 1974, hukumar WRECA ta ci gaba da wasu kamar Watari da Tomas da Gari. A 1974 ɗin aka ƙara gidan ruwa na biyu a Challawa, a farkon shekarun 1990 aka yi na uku, a 1992 kuma aka gama madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda take riƙe ruwan damina tana sakinsa da rani don kada kogin ya ƙafe. A zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matata a Tamburawa mai iya tace lita miliyan 150 a rana, ga kuma ta Watari a ƙasar Ɓagwai. Kowane ɗayan waɗannan ya ninka aikin Sarki Alhaji. Amma ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 2.8 a ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama birnin Kano na yanzu, Ungogo a cikinsu. In ka tuna 30,000 na Barth, kusan ninki 100 ke nan.

Madatsun nan ma ba kyauta suka zo ba. Ruwan da aka tsare a Tiga da Ƙaraye shi ne dā yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suke jiransa kowace shekara, kuma ambaliyar ta ragu tun da aka datse. Masana'antun Sharaɗa da Challawa, musamman majemu na zamani, sun daɗe suna zubar da dagwalonsu a magudanan da suke gangarawa kogin da ake ɗebo ruwan sha, abin da masana kimiyya na jami'o'inmu suka sha rubutu a kai. Birni yana sha daga ƙauye, ƙauyen da ke ƙasa da shi kuma yana shan abin da birni ya zubar.

Rijiyar Zaki fa? Bututu bai zo ya same ta tana ƙauye ba, birni ne ya zo ya haɗiye ta. Da Jami'ar Bayero ta buɗe sabuwar harabarta a hanyar Gwarzo a shekarun 1980, malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara sayen gonaki suna yanka filaye. Inda ake shuka gero da dawa da gyaɗa ya zama layuka, mangwaro da ɗorawa suka faɗi, rijiyoyin gidajen gona waɗansu aka cike su, waɗansu suka shige cikin katangar mai sabon gida. Yau wanda ya gina gida a unguwarmu, in yana da hali, kafin ya sa ƙofa ya kira masu burtsatse, ya ɗora tankin roba a bisa ƙarfe, ya zama yana da ɗan ƙaramin Gwauron Dutse nasa shi kaɗai. Wanda ba shi da hali yana jiran ɗan ga-ruwa, wanda ya ajiye garwa da sanda ya koma tura kura cike da jarkoki masu cin lita 25, ruwan kuma sau da yawa daga burtsatsen wani mai gida ya saye shi. Ka tuna kuwa ƙasar fā ce. Kowane sabon rami daga ƙoƙon da na maƙwabci yake sha shi ma yake sha, rijiyar hannu wadda ba ta da zurfi ita take fara ƙafewa, mai ita kuwa galibi shi ne ɗan asalin wurin da ya rage da gidan gado. Wanda kakansa ya biya kuɗin tankin dutse bai sha ba, yau yana sayen ruwan da aka zuƙe daga ƙarƙashin gonar kakan nasa. Ba na ganin laifin mai burtsatse, da yawansu ma suna fito da kan famfo waje don maƙwabta, watau tsohuwar rijiyar sadaka ce ta sake riga. Amma abin da dā yake na unguwa, sa'an nan ya zama na En'e, sa'an nan na Gwamnati, yanzu ya koma na mai katanga, kuma ba a taɓa zama an yanke shawarar haka ba.

Tankin dai yana nan bisa dutse, gidaje sun hau har ƙirjin gwauron, gidan yari yana gindinsa. In ana zancen kayan tarihin Kano, badala ake ambata da Gidan Rumfa da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da Dala. Ban taɓa jin an kai baƙo Panshekara a nuna masa tsohon gidan ruwa ba, ko a tsaya da shi a Ƙofar Famfo a gaya masa dalilin sunan, alhali ginin ya doshi shekara 100, kuma ya taɓa rayuwar Bakano ta yau da kullum fiye da wasu abubuwan da muke kai baƙi gani. Takardun En'e da na ofishin Razdan suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, wasu kuma a Gidan Ɗan Hausa a nan Kano. Abin da ba ya cikin takarda yana bakin tsofaffin masu gyaran famfo da 'yan ga-ruwan zamanin garwa da mahaƙan rijiya na ƙauyukan Ungogo, waɗanda suka san sunan kowace irin ƙasa da ake ratsawa kafin a kai ga ruwa, da abin da ake faɗa wa wanda yake cikin rami in za a sauko masa da guga. Ina ba ƙungiyarmu shawara, a hutun ƙarshen zango mai zuwa, ta raba 'yan aji biyu da na uku gida biyu, waɗansu su nufi Panshekara, waɗansu su biyo ni hanyar Gwarzo, kowa da littafinsa da abin ɗaukar magana.